Amincewar da aka karɓa a bakin layi

Da gwamnatin Sudan ta fara canjin takardun fam 500 da 1,000 a Disamba 2024, mutanen Gadarif sun tarar da sharaɗi: tsohon kuɗi sai ta asusun banki, asusu kuma sai da lambar ɗan ƙasa. Mai sayar da riɗi da bai taɓa shiga banki ba ya koma biyan kuɗi ta waya, da manhajar Bankak da ire-irenta. Ba wanda ke musun amfanin wannan a lokacin yaƙi. Damuwata ita ce yadda masu ƙera manhajojin shaida, a ƙasashe da dama, suka saba neman izini: maɓallin amincewa ƙato mai launi, sharuɗɗa da ƙananan baƙaƙe a can ƙasa, hanyar ƙin yarda kuwa sai an tona. Wanda kuɗinsa za su mutu cikin 'yan makonni ba karatu zai tsaya yi ba, kuma wanda ya tsara shafin ya san da haka.

An ga inda irin wannan ke kaiwa. A 2021 Human Rights Watch ta bayyana cewa bayanan 'yan gudun hijirar Rohingya da hukumar UNHCR ta tattara sun bi ta hannun Bangaladash zuwa Myanmar, ƙasar da suka gudo daga cikinta. Takardar da ke nuna an amince da miƙa bayanan da Turanci kaɗai aka rubuta ta. Hukumar ta ce ta nemi izini, amma da yawa daga waɗanda aka tambaya suka ce sun ɗauka rajistar samun agaji ce. Jihar Gadarif ma tana da sansanonin Um Rakuba da Tunaidba, inda mutanen Tigray suka fake tun bayan ɓarkewar yaƙi a Nuwamba 2020. Su kuwa Hausawan Sudan, da suka daɗe suna fama da masu shakkar zamansu 'yan ƙasa, kuma suka ga rikicin Bulu Nayil na 2022, sun san cewa asalin mutum a rubuce yana iya zama makami.

Za a ce in babu rajista ba za a hana zamba ba, kuma wasu za su karɓi agaji sau biyu. Gaskiya ne, amma tabbatar da wane ne mutum daban, miƙa bayanansa ga wani daban, kuma haɗe su a maɓalli ɗaya zaɓi ne na mai ƙira. A raba tambayoyin, a karanta wa mutum da Larabci ko Hausa ko Tigirinya, a kuma gaya masa ƙarara cewa in ya ƙi ta biyun, asusunsa da buhun dawarsa suna nan.