Littafin Lissafin Da Bai San Kasuwa Ba

'Yan kasuwarmu na Amchide da Fotokol sun sha kokawa kan littattafan kwamfuta da lissafi da suke saya wa 'ya'yansu a Maruwa da Garwa: ga tsada, ga Faransanci zalla. Yaro ya haddace babi guda, amma a ce ya juya naira zuwa sefa, ko ya tsara littafin bashi a kwamfuta, sai ya yi zuru.

Suna da gaskiya. Alkhawarizmi kansa, da ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, da ciniki da rabon gado ya buga misalai. Jami'ar Maruwa, wadda aka kafa a 2008, tana da malaman wannan fanni. Muna roƙonsu su fitar mana da ko ɗan ƙarami ne, cikin Hausa da Fulatanci, mai araha, kafin komawa makaranta a watan Satumba.