Ruwa ne ke kisa, ba iska ba

Malam Edita,

Duk sa'ad da rediyo ya kawo labarin mahaukaciyar guguwar teku, gudun iskarta ake yi ta nanata mana, alhali yawancin mamatan ruwa ne ke cin su. Iskar kan tunkuɗo ruwan teku a gabanta, ta tara shi, ya haye tudu gaba ɗaya. A guguwar Katrina ta 2005 tsayinsa ya kai mita 8 a gaɓar Misisifi ta Amurka. A 1970 irin wannan tunkuɗowar ta hallaka mutum wajen 300,000 a ƙasar da yanzu ake kira Bangaladash.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Daura da teku. To, da yawa daga cikin guguwar nan asalinsu hadarin da ke ratsa samaniyarmu ne da damina, daga gabas zuwa yamma, har ya faɗa tekun Atalantika. Wannan ma a bar shi. Kuskuren ne iri ɗaya: mu ma iska muke tsoro. Muna ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano, amma kwatar ƙofar gida ta toshe da leda, ruwa na kwana a gindin katangar ƙasa yana cinta har ta rufto wa masu barci. A Jibiya, nan jiharmu, ruwan dare ɗaya a Yulin 2018 ya ci fiye da mutum 40.

Masu cewa ƙaddara ce ba su yi ƙarya ba, sai dai an hore mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Bangaladash ta gina matsugunai masu tsawo, ta horar da 'yan sa-kai masu zaga ƙauyuka da lasifika, shi ya sa guguwar Sidr ta 2007, duk da ƙarfinta, mamatanta ba su kai 5,000 ba. Mu kuwa hukumomin NiMet da NIHSA na fitar da hasashen damina da ambaliya kowace shekara, amma ba ya isa Zango ko Ɓaure a kan kari. Masarautar Daura na da hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai, tsarin da ya kai kowane lungu. A riƙa miƙa musu hasashen da Hausa tun watan Mayu, kowane mai unguwa ya san gidajen da ke kan hanyar ruwa, da makarantar da za a kwashe mutane zuwa cikinta idan ruwa ya taso da tsakar dare.

Naku,
Mai karatu daga Daura