Iya ruwa dabam, koyar da ruwa dabam

A jami'o'in Amurka, inda ake wasan ƙwallon nan mai siffar ƙwai wadda ake ruga da ita a hannu, jama'a sukan auna mai horas da ƴan wasa da bajintar da ya gwada yana ɗalibi. Wannan mudu ba ya cika.

Gaskiya ne Steve Spurrier ya ci kyautar Heisman, ta gwanin gwanayen ɗalibai, a shekara ta 1966, kuma ya kai jami'ar Fulorida ga kambin ƙasa a 1996. Amma Nick Saban, wanda ya yi wasa a Kent State ba tare da ya yi suna ba, sau 7 ya ci kambin kamin ya aje aiki a 2024. Marigayi Mike Leach bai taɓa buga wa wata jami'a wasan ba. Duk da haka, shekara 10 da ya yi a Texas Tech, kowace shekara cinsa ya fi faɗuwarsa.

Iya ruwa fidda kai ne, aikin malami kuwa fidda wasu. Shugabannin da za su damƙa wa mutum amanar samari, wajibi ne su fara duba abin da ya iya koyarwa.