Ɗan Kallo Ma Yana da Nasa Alhakin

Ina neman ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan a kan wata magana wadda ake ɗaukarta maganar raha, alhali kuwa tana da nauyi. Maganar kallo ce. In an tashi daga karatu aka zauna hira, da wuya a watse ba a taɓo ɗaya daga cikin abubuwan nan huɗu ba: wasan jiragen sama, da mawaƙa, da masu wasa da dabbobi, da fim. Kowa ya faɗi wanda ya fi ba shi sha'awa, a yi gardama, a yi dariya, a tashi. Abin da ban cika jin an tambaya ba shi ne, wa ya biya kuɗin daɗin nan da muka ji, kuma da me ya biya? Ra'ayina shi ne duk wanda ya tsaya kallo ya sa hannu cikin abin da ake yi, domin ba mai wasan da zai daɗe a fili in ba idon da ke kansa. Zan ɗauki misalaina daga ƙasarmu ta Sakaba, ɗaya daga cikin ƙasashe 5 na masarautar Zuru, watau Dabai da Danko da Fakai da Wasagu da ita Sakaba, domin a can da irin can ne yawancinmu za mu riƙe alli.

Bari mu fara da na sama. Hausawa suna da karin magana, wai kallo ya koma sama, shaho ya ɗauki giwa. Masu iya magana sun ƙaga ta ne don abin da ba shi yiwuwa, sai ga shi a watan Nuwamba na 1925 jirage 3 na mayaƙan saman Ingila sun taso daga Misira sun sauka Kano, mutane suka ga ƙarfe mai nauyin giwa yana shawagi ba a rataye shi da kome ba. Tun daga ran nan kallon jirgi bai gundure mu ba. Yaro a Dirin Daji in ya ji ƙugi a sama, sai ya saki abin da ke hannunsa ya ɗaga kai. Ni ban ga laifin wannan ba, har ma ina ganin riba ce ga malami, don yaron da ya ɗaga kai ya riga ya yi tambaya a zuciyarsa. Sai malam ya gaya masa inji ne ke tura jirgin gaba, fiffiken kuwa an ɗan karkata shi yadda zai riƙa danna iska ƙasa, ita kuma iskar ta tura shi sama, kamar yadda tafin hannu ke tashi in an miƙa shi ta tagar mota tana gudu. Ƙasar Zuru ta yi suna wajen aikin soja tun zamanin Turawa, kuma akwai makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya tun 1964. Wa ya sani ko cikin masu ɗaga kan nan akwai wanda zai je can?

Amma wasan jirage, inda matuƙa ke juyi da ƙundumbala kusa da juna don a yi musu tafi, yana da farashi. A Ramstein ta ƙasar Jamus, a 1988, jirage 3 na Italiya suka yi karo suna tsakiyar wasa, ɗaya ya faɗa cikin jama'a, mutum 70 suka rasa rayukansu. A nan gida ma, ran 28 ga Satumba 2018, jiragen yaƙi 2 suka gogi juna a Abuja suna gwajin wasan bikin ranar 'yancin kai, matuƙi ɗaya ya rasu. Irin waɗannan haɗurra su suka sa aka tsananta ƙa'ida a ƙasashe da yawa, aka nesanta jirage daga 'yan kallo, aka hana su juyowa su fuskanci taro. Duk da haka akwai abu guda da ya sa ban ƙi wannan wasa ba. Matuƙin mutum ne baligi mai hankali, ya koyi aikinsa shekara da shekaru, ya san haɗarin, ya kuma shiga da yardarsa. Ku riƙe kalman nan ta yarda, za mu bukace ta a gaba.

Na biyu mawaƙa. Wanda duk ya taɓa halartar gayya ya san abin da ganga ke yi wa garma. Samarin da suka gaji, in makaɗi ya ambaci sunan ubanninsu sai ka ga kunya tana fita kamar da safe aka fara. Haka abin yake a filin kokawa, haka kuma a bikin Uhola na Dakarkari bayan an kawar da amfanin gona. Manyan makaɗan Hausa ma kowa da inda ya sa gaba. Ibrahim Narambaɗa ya tsare fadar Sarkin Gobir na Isa, Musa Ɗanƙwairo ya zaga fadoji, Ɗan Anace ya ɗaukaka 'yan dambe da manoma, Mamman Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999, kusan ba abin da bai yi wa waƙa ba. A jiharmu ta Kabi kuma aka yi Gambu, wanda ya shahara da waƙar ɓarayi kafin ya tuba ya bari. To, me ya riƙe Gambu cikin wannan sana'a tsawon shekaru? Akwai masu ba shi, akwai kuma dubban masu sauraro waɗanda ba su taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, amma suna jin daɗi suna dariya. Makaɗi yana bin hannun da ya miƙa masa ne. In yau kun ji mawaƙi yana zagin dattijo saboda siyasa, ko yana wasa mai dukiyar da ba wanda ya san mafarinta, kada ku tsaya ga la'antarsa shi kaɗai. Ku duba wayoyin da ke aljihunmu, ku ga mu nawa ne muka ajiye waƙar muna tura wa juna.

Na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai, watau wasa da dabbobi. In gardawa suka sauka kasuwa da kura da biri da maciji, nan da nan sai ka ga masu awo sun bar awonsu. Ku dubi kurar nan da kyau. Dabba ce ta dare, ga ta ana jan ta da sarƙa a tsakar rana, baki ɗaure da takunkumi, sanda tana jiranta in ta yi gardama. Birin da aka sa wa riga yana rawa, ba don daɗin kiɗa yake yi ba, ya san abin da ke biyo baya in ya tsaya. Waɗansu masu wasa da maciji kuwa sukan cire masa haƙoran dafi, kana su ce maganinsu ne ya kare su, su sayar wa jama'a ƙullin gari. Kakanninmu sun ga wannan tun tuni, shi ya sa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Matuƙin jirgi ya yarda, ɗan kokawa ya yarda, makaɗi ya yarda. Kura fa, wa ya tambaye ta?

Kada kuma mu ɗora wa gardawa laifin duka, domin su sukan zo ne jifa-jifa, abin da ke gidajenmu kuwa kullum ne. Jaki nawa ne ke shiga kasuwa da mangala cike, akumari a kan ɗanyen miki, mai shi yana zungurar wurin ciwon don ya yi sauri? Shanun huɗa nawa ne karkiya ta cinye wa wuya, ba a kwance su ba sai rana ta take? Ga kaji ana ɗaure su ƙafa sama kai ƙasa a bayan babur tun daga ƙauye har birni, ga yara da danƙo suna harbin ƙadangare, ba don ci ba, don dai su ga ya mimmiƙe. Har ta kai ana kwasar jakuna ana yankawa don fatarsu kawai, a kai ta Sin a dafa a yi magani, sai da shugabannin Tarayyar Afirka suka haramta wannan a taronsu na Addis Ababa a watan Fabrairu na 2024. Doka kam ba a rasa ta ba. Ingila ta yi tata ta hana azabtar da dabbobin gida tun 1822, kuma dokar hukunta laifuffuka ta Arewa wadda ta fara aiki a 1960 ta sa zaluntar dabba cikin laifuffuka. Tun kafin waɗannan duka, Musulmi sun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda kare mai ƙishirwa da ya shayar. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne wanda zai buɗe baki a kasuwa ya ce, malam, rage wa jakin nan kaya.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, a ƙasar da aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a kwanton ɓauna guda, kamar yadda ya faru a Sakaba a watan Maris na 2022, ina ake da sukunin kukan jaki? Maganarsa tana da ƙarfi, kuma ran mutum ɗaya ya fi garke. Ban ce duk yaron da ya harbi ƙadangare zai girma ya zama ɗan fashi ba. Abin da na ce shi ne zuciyar da ake jin tausayi da ita guda ɗaya ce, ba a raba ta ta mutane daban ta dabbobi daban, kuma ƙasar da ta ga jini da yawa ita ta fi kowace bukatar a raya tausayi cikin 'ya'yanta. Wani kuma zai ce gardi da mai jaki abinci suke nema. Gaskiya ne. Amma jakin da aka rage wa kaya aka wanke wa miki ya fi daɗewa yana aiki, saboda haka mai shi ne farkon mai riba. Gardi kuwa yana da ƙarfi da baki da kiɗa, in ya ga kuɗi ba ya zuwa ta wajen kura zai nemi wata hanya, kamar yadda masu sana'o'i da yawa suka sake hanya da kasuwa ta juya.

Na huɗu fim, wanda ya haɗa sauran ukun cikin akwati guda. Iyayenmu sun fara ganinsa ne da majigi, motar Gwamnati ta zo gari da almuru a kafa farin ƙyalle, a nuna yadda ake kashe sauro da yadda ake noman auduga. Kano ta sami gidan siliman Rex a 1937, kuma a 1951 gobarar siliman El Duniya ta ci mutum fiye da 300. A 1976 aka mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, a 1990 kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya, wanda ake ƙirga farkon finafinan bidiyo na Hausa daga gare shi. Yau ba a jiran mota, ba a biyan kuɗin ƙofa, silima tana cikin tafin hannu. Ga wani labari daga Amurka da ya dace da maganarmu. Wajen ɗaukar wani fim mai suna Jesse James, wanda ya fito a 1939, aka tunkuɗa doki daga kan dutse mai tsawo ya faɗa ruwa ya mutu, don kawai hoton ya yi kyau. Jama'a suka yi ca, har daga 1940 aka ba wata ƙungiyar jin ƙan dabbobi ikon sa ido a wuraren ɗaukar fim. Ku lura, 'yan kallo ne suka jawo gyaran, ranar da suka ce ba su son daɗin da aka sayo da wannan farashi. Mu ma muna da wannan iko a kan masu shirya mana finafinai, da masu ɗaukar hoton dabba ana azabtar da ita, ko hoton gawar ɗan wani, su watsa a waya don a kalla.

To, me ya rage gare mu da za mu fita mu zama malamai? Ba na ce mu hana yara kallo ba, wannan ba ya yiwuwa, kuma rayuwar da ba raha a cikinta ba ta da daɗi. A kai su kokawa, a kai su Uhola, a bar su su ɗaga kai su ga jirgi. Abin da nake roƙo shi ne mu koya musu tambayoyi biyu da za su riƙa yi wa kowane wasa: wa ke shan wahala a nan, kuma ya yarda? In an sami lokacin darasin halitta, a kawo jaki bakin aji a nuna musu inda akumari ke ci, da yadda ake wanke wurin da ruwan gishiri a bar shi ya huta. In yaro ya zo da danƙo, kafin a karɓe a tambaye shi abin da ƙadangaren ya yi masa. Mu kanmu kuma, in gardawa sun sauka, kada almajiranmu su ga malam a sahun gaba yana jefa kuɗi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaro kuwa ya fi koyi da abin da ya ga malam ya yi bisa abin da ya ji ya faɗa.

Wannan shi ne ra'ayina. Wanda yake da wani saɓanin haka, shafin nan namu ne duka, sai ya ɗauki alƙalami ya ba mu hujjarsa a fitowa ta gaba, mu ƙaru da juna. Allah ya sa mu zama masu jin ƙan na ƙasa da mu, amin.