FILIN MOTA DA HANYA: Kafin Ka Sayi Wili A Camp Yabassi

A wannan wata maganar wili za mu yi, wato ƙarfen nan da ake ɗaura wa taya, wanda a garejojin Duwala aka fi sani da sunansa na Faransanci, jante.

Abin da ya jawo maganar kuwa a gidanmu ya faru. Ɗan ƙanwata yana jan tasi ƙirar Corolla, da ita yake ciyar da iyalinsa da tsohuwarsa a nan New Bell. Ana gab da Babbar Salla sai ya kwashi abin da ya tara ya nufi Camp Yabassi, ya ba da tsofaffin wilinsa na ƙarfe, ya yi ciko, ya karɓo na alminiyam guda huɗu masu inci 17, suna ta walƙiya. Ya zo ƙofar gida yana murna, ya ce, "Kawu, ka ga ta koma amarya." Na ce, "Allah Ya sanya alheri. To ka duba lambarsu?" Ya ce, "Haba Kawu, ai sun shiga."

Ba a yi sati uku ba, wata rana ana tsuga ruwa, ya faɗa wani rami da ruwa ya rufe a wajen Ndokoti. Wilin gaba ya tsage, taya ta fashe. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo cikin fasinjojinsa, amma mota ta kwana tara a ajiye, gida ba kuɗin cefane. Ashe shiga daban, dacewa daban.

Manya daga cikinmu za su tuna cewa tun da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sabon kaya ya fi ƙarfin talaka, muka koma ga motoci da kayan gyara na hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa. Wannan ba laifi ba ne, akwai na ƙwarai a cikinsu. Sai dai a rumfa ɗaya za ka tarar da wilin motar Japan da na Jamus da na Faransa an jera su tare, ido kuwa ba ya iya rarrabe su. Lamba ce ke rarrabewa.

Abu na farko shi ne ramukan noti. Ba yawansu kaɗai ake dubawa ba, har da faɗin da'irar da suka zauna a kai. Starlet da Corolla na shekarun 1990 suna da 4x100, wato rami huɗu a da'ira mai milimita 100. Carina E tana da 5x100, Camry 5x114.3, Mercedes 5x112, Peugeot 206 da 405 kuwa 4x108. Haɗarin yana ga masu kusa da juna. Wilin Fiat mai 4x98 zai iya shiga Corolla in an matsa, amma noti zai zauna a karkace, a hankali ya kwance ko ya karya kusar da yake riƙe da ita. Kada ka yarda wani ya ce zai goge maka ramin ya faɗaɗa shi.

Na biyu, babban ramin tsakiya. Na waɗannan ƙananan Toyota milimita 54.1 ne. In na wilin ya fi haka ƙanƙanta ba zai zauna ba sam. In ya fi girma, akwai zoben da ake sa masa ya cike gurbin, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa a hannunka da zarar ka ɗauki gudu.

Na uku, juya wilin ka duba bayansa, za ka ga rubutu kamar haka: 6Jx14 ET45. Lamba 6 faɗinsa ne da inci, 14 girmansa, ET45 kuwa tana nuna yadda zai shige ciki ko ya ɓullo waje. In lambar ET ta yi ƙasa sosai da ta asalin motarka, taya za ta fito waje tana gogar jikin mota, boris kuma ya riƙa mutuwa da wuri. In ta yi sama, sai ya riƙa taɓa birki ko shoka ta ciki. A nan bayan ne kuma za ka nemi tambarin JWL ko VIA na Japan, ko lambar KBA ta Jamus. Akan ƙirƙiri na jabu, amma wanda ba shi da ko ɗaya, ka bar wa mai shi abinsa.

Yanzu sai maganar girma, inda samarinmu suka fi faɗawa. Tsayin taya gaba ɗaya bai kamata ya canja ba, saboda haka duk incin da ka ƙara wa wili, daga naman taya ka rage shi. Ga lissafi. Taya 175/70 R13 tana da gefe mai kusan milimita 122. In ka koma 195/50 R15, tsayinsu ɗaya ne, amma gefen ya dawo 97. Shi ɗan namu da ya sa 205/40 R17, milimita 82 kawai suka rage tsakanin ƙarfe da bakin rami. Wannan naman shi ne katifar da ke shanye duka. Wanda ke bin kwaltar Bonanjo kaɗai yana iya rage ta. Amma mai shiga lungunan New Bell da Nkololoun a watan Yuli da Agusta, lokacin da ba ka sanin zurfin rami sai ka faɗa, shi da katifarsa mutu ka raba.

Ƙarfe ko alminiyam? Na ƙarfe yana da nauyi, ba shi da kyan gani, kuma laimar garin nan tana sa shi tsatsa. Amma in ya daki rami lanƙwashewa yake yi, mai faci ya buga shi da guduma ka ƙarasa gida. Na alminiyam ya fi sauƙi da kyau, sai dai yakan tsage, wanda aka yi wa walda kuwa ba abin dogara ba ne. Shawarata ga mai tasi da mai zuwa Ngaoundéré ko Garwa da iyali ita ce ya zauna a kan girman da kamfani ya sa, ko ya ƙara inci ɗaya kawai.

In za ka saya, tafi da motarka da bakanikenka, don ba a cinikin biri a sama. Sabon fenti a kan tsohon wili abin tuhuma ne, sa a wanke cikinsa ka shafa da hannu ko za ka ji tudun walda. A ɗora shi a injin daidaita taya a juya, ka gani da idonka ko yana layi. Ka tambayi notinsa, don na alminiyam ɗin Toyota na asali shimfiɗaɗɗen noti mai wasa yake so, na ƙarfe kuwa mai tsini. Saboda haka ka tabbata kana da notin da zai kama safayarka. Ku yi magana a kan mayarwa kafin kuɗi su bar hannunka. Bayan an ɗaura, in ka yi tafiyar kilomita 50, wato ka kusa Edéa ke nan, tsaya a sake matse noti.

Shi dai ɗan namu ya koma ya sayo irin waɗanda ya bayar da farko, a kan kuɗin da ya fi na da. Ranar da ya ɗaura su ya zo ya ce, "Kawu, wannan karon na duba lambar." Na ce masa kowa ya ƙi ji, ai ba ya ƙi gani ba.

Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.