Ƙofar da igiya ke buɗewa ta fi wadda ke jiran batir

Jama'a, yawancinmu idan za mu sayi mota, inji muke dubawa da fenti da na'urar sanyi. Da wuya ka ga wanda ya shiga, ya rufe ƙofa, ya gwada yadda zai fita. Mu kuwa a ganinmu, tsofaffin motocin tsere na Turai suna da darasi a kan wannan.

Ɗauki MGA, wadda aka ƙera a Ingila daga 1955 zuwa 1962. Mai buɗaɗɗen saman ba ta da hannun ƙofa ta waje. Igiya ce a cikin aljihun ƙofar, haɗe da harshen makulli. Ka ja ta, harshen ya janye, ƙofa ta buɗe. Wanda ke waje ma zura hannu yake yi ya ja igiyar. Kamfanin Porsche ya sa maɗauri a maimakon hannun ƙarfe a Carrera RS mara nauyi ta 1973, Ferrari kuma ya sa igiya a F40 ta 1987, duk da tsadarta. Burinsu rage nauyi ne don a ƙara gudu, amma sun samu wata ribar: tsakanin hannun mutum da makulli babu abin da ke buƙatar wuta.

Ba mu ce tsarin ba shi da aibi ba. Igiya tana tsinkewa idan ta tsufa, kuma ƙofar da kowa zai zura hannu ya buɗe ba ta hana ɓarawo. Sai dai lalacewarta a fili take, ido na gani, kuma kowane makaniki zai gyara ta cikin 'yan mintuna.

Kwatanta da na yanzu. Tun daga samfurin 2005, Corvette ta Amurka da maɓallin lantarki ake buɗe ta. Akwai wani ƙaramin hannu na gaggawa a ƙasa kusa da kujera, amma ba kowa ya san da shi ba. A 2015 wani dattijo ya rasu a cikin irinta a jihar Texas, bayan wuta ta ɗauke a lokacin zafi ya kasa fita. Yawancin motocin Tesla ma maɓalli ne, hannun gaggawar yana wani wuri dabam. Idan an yi haɗari ko ruwa ya shiga mota, batir na cikin abin da ke fara mutuwa, kuma a firgice mutum ba ya tsayawa neman abin da aka ɓoye.

Irin waɗannan motoci suna shigowa ƙasar nan a tokumbo, galibi ba tare da littafinsu ba. Ga kuma namu na gida: tasi nawa muka hau wadda hannun cikinta ya karye, sai direba ya zagayo ya buɗe? Ranar da wuta ta tashi, wa zai zagayo?

Don haka muna kira ga direbobinmu su gyara hannun ciki kafin su sayi sabon rediyo. Mai sayen mota ya sa dillali ya nuna masa yadda ake fita idan batir ya mutu, shi kuma ya nuna wa iyalinsa. Iyaye su duba makullin yara na ƙofofin baya, su san lokacin da yake kunne. Fasinja kuma ya gwada hannun kafin mota ta tashi. Idan bai buɗe ba, ya sauka ya jira wata. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kai mu gida lafiya.