Zauren Kwamfuta: Raba zanenka falle-falle kafin ka yi kuka da kanka

A hutun da ya wuce na zauna koyon aiki a wani shagon buga takardu a Funtuwa. Ana dab da damina sai wani mai sayar da taki da irin masara ya kawo aikin bana. Na buɗe CorelDRAW, na zuba koren bango, na zana zangarniyar masara da ƙullin auduga, na jera rubutu, duk a wuri ɗaya. Da yamma ya dawo ya ce farashin buhu ya canza. Ina jan rubutun sai masarar ta biyo shi, ina gyara masarar sai bangon ya goce. Kafin in gama aka ɗauke wuta. Ranar na sha faɗan maigida.

Laifina ɗaya ne: ban yi amfani da leya ba.

Mece ce leya? Ku ɗauka kun sami fararen ledoji huɗu da ake hango abin da ke bayansu. Kun yi zane daban a kan kowace, sannan kuka ɗora su kan juna. Ido zai ga hoto ɗaya, amma kuna iya zare falle ɗaya ku gyara ba tare da kun taɓa sauran ba. Na sama shi ke rufe na ƙasa.

CorelDRAW, wadda ta fito daga Kanada a 1989, da Adobe Illustrator ta 1987, da Inkscape ta 2003 wadda kyauta ce, duk suna da wannan tsari. Da lissafi suke ajiye layi da siffa, shi ya sa zanen da aka yi don bajon makaranta zai iya zama ƙaton allon talla bai dushe ba.

Ga yadda nake yi yanzu. Falle na ƙasa na bango ne. Na biyu na zane da hotuna. Na uku na rubutun da ba ya canzawa, kamar sunan shago. Na sama na abin da kan canza: farashi, kwanan wata, lambar waya. Kowanne ina ba shi suna, don bayan wata guda ba zan tuna abin da ke cikin na bakwai ba. Wanda na gama sai in danna alamar kwaɗo in kulle shi. Wanda ya tare mini gani sai in danna alamar ido ya ɓuya.

Aikin wannan mako: idan makarantarku na da ɗakin kwamfuta, ku zana fostar ƙungiyar matasa manoma da falle huɗu. A Inkscape, Shift da Ctrl da L ne ke buɗe jerin. Sannan ku canza kwanan watan kaɗai. In masararku ba ta motsa ba, kun ci jarrabawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.